Shari'ar Bakin Sikeli

Idan likita ya rubuta wa mutum allura, ba mai binsa gida ya ga ko ta shiga jijiya daidai. Amma idan maganin da aka rubuta abinci ne, nan take kowa ya zama masani, kowa kuma ya zama shaida. Maƙwabciya ta ga abin da aka ɗora a murhu, uwar miji ta ga abin da aka zuba a kwano, kishiya ta ƙirga loma. Ranar da aka koma asibiti sikeli ya faɗi lambarsa, sai a karɓi lambar tamkar hukuncin alƙali a kan halin mutum, alhali nauyin jiki kaɗai ya auna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mafi zafin wannan hukunci yakan fito ne daga bakin waɗanda ke layi ɗaya da wanda ake tuhuma, masu fama da irin ciwonsa, waɗanda aka tara wuri guda domin su ƙarfafa wa juna gwiwa.

Ana ganin wannan hali a wurare biyu da ba mai zaton suna da alaƙa. Na ɗaya shi ne tarukan mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi saboda ƙiba mai cutarwa, a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa. Na biyu shi ne layin iyaye mata a cibiyoyin kula da yara masu tamowa, irin waɗanda ke Jibiya, a bakin iyakar Najeriya da Nijar. Waɗancan so ake nauyinsu ya sauka, waɗannan so ake na 'ya'yansu ya hau. Duk da haka, wanda ya saurari maganganun da ake yi a kan bencin jira a wuraren biyu zai ji kusan magana ɗaya ce, kuma ɓarnar da take yi iri ɗaya ce. A Jibiya dai ɓarnar ta fi saurin bayyana, domin jikin yaro ɗan shekara biyu ba ya jira.

Garin da hatsi ke ratsawa

Jibiya tana da nisan sama da kilomita 40 daga birnin Katsina. Daga Magama, inda shingen kwastan yake, mota kan tsallaka zuwa Ɗan Isa, ta wuce Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, aure da kasuwanci sun ɗinke su tun kafin a ja layin iyaka. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya na ci, gero da dawa da masara da wake da dabbobi suna sauya hannu. Dubban gidaje da wannan zirga-zirga suke ɗora tukunya: direba, ɗan dako, ɗan acaɓa, mai sayar da abinci a tasha, da matar da ke tura 'yarta tallar fura.

Cikin 'yan shekarun nan an yi ta toshe wannan hanyar abinci. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, har zuwa Maris na 2024. A ɗaya gefen kuma 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a yankin. A Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari, da yawansu suka fake a makarantar 'yan mata. Sai cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya biyo da tsadar da ta kai hauhawar farashin abinci sama da kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

Sakamakon ya fito a damtsen yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aikin tamowa a jihar Katsina a 2021, ta gudanar da bincike a 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi, ta tarar a wasu yankuna sama da kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara suna fama da tamowa. A watan Yulin 2025 ta sanar cewa cikin wata shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000 a jihar, kusan 10,000 daga ciki sai da aka kwantar da su, 652 kuma suka rasu a cibiyoyinta. Cikin wannan sanarwa akwai wani adadi da ya kamata mai karatu ya riƙe: da aka auna iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu, fiye da rabinsu su ma suna fama da ƙarancin abinci a jika, kashi 13 cikin 100 kuma nasu ya yi tsanani.

Maganin da ke da ɗanɗanon gyaɗa

Yadda aikin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta. Ana naɗa wa yaro wani ɗan zare mai launi uku a damtse. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani. Ana danna bayan ƙafarsa da babban yatsa a ga ko wurin zai lotsa, alamar kumburi. Ana ɗora shi a sikeli. Sannan a ba shi ɗan abincin ya ci a gaban ma'aikata. In ya ci, kuma ba wani ciwo mai tsanani tare da shi, a gida za a yi jinyarsa. In ya ƙi ci, sai a tura shi inda ake kwantarwa.

Abincin da ake bayarwa wani kwaɓi ne na gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, a cikin leda mai giram 92, kowace tana ɗauke da kalori 500. Wani likitan Faransa, André Briend, da abokin aikinsa Michel Lescanne suka ƙirƙiro shi a 1996, sunan kamfani da aka fi saninsa da shi kuma Plumpy'Nut. A tsallaken iyakar nan, a jihar Maraɗi, aka yi amfani da shi a kan dubban yara lokaci guda, a yunwar 2005, shekarar da MSF ta kula da yara sama da 60,000 a Nijar, akasarinsu a gidajen iyayensu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance.

Ana ba uwa na mako guda, leda 2 ko 3 a rana gwargwadon nauyin yaron, ta dawo mako mai zuwa a sake awo. Jinyar kan ɗauki mako 6 zuwa 8. Doka ɗaya ake nanatawa: wannan magani ne, na wannan yaron ne shi kaɗai, kada a ba wani, kada a sayar. Dokar daidai take, domin an ƙididdige adadin ne a kan jikin da ke neman farfaɗowa, duk lomar da ta tafi wani baki an rage masa ita ne. Sai dai wanda ya tsara dokar ya tsara ta ne a kan yaro ɗaya, ledar kuwa gida take shiga, inda akwai wasu bakunan.

Mako na uku

Akwai wata mata daga cikin ƙauyukan yammacin Jibiya da suka watse. Ita da mijinta da 'ya'ya huɗu suna zaune a ɗaki ɗaya cikin wani kango a bayan gari. Mijin na dako ranar kasuwa, ita kuma tana surfe da wankau in an samu. Autarta mai wata 20 ce zaren ya nuna wa ja. Mako na farko da na biyu sikeli ya matsa gaba, malamar asibiti ta yi mata murmushi, matan da ke benci suka ce Allah ya ƙara sauƙi.

A mako na uku abubuwa biyu suka faru a gidan. Yarinyar ta kwana biyu da zazzaɓi da gudawa. Sannan ruwan sama ya hana kasuwa ci sosai, mijin ya dawo hannu rabbana. Duk sanda ta yaga bakin ledar, ƙanshin gyaɗa ya cika ɗakin, yayan yarinyar mai shekara 5 sai ya zo ya tsaya a gabanta. Ba ya roƙo, tsayuwa kawai yake yi, tun safe kuma kokon da ba sukari ne a cikinsa. Rana ta farko ta lakato da yatsa ta sa masa a baki. Rana ta biyu ta raba ledar biyu. Ranar Alhamis ta ba wani mai tebur leda biyu ta karɓo garin masara, gidan duka ya ci tuwo.

Ranar awo sikeli bai motsa ba. Malamar ta duba katin, ta tambaye ta ko yarinyar na cinye nata. Ta ce tana ci. Malamar ta rubuta maganin zazzaɓi, ta ce ta jira a kira ta. A kan bencin jiran nan aka yi mata shari'ar.

Wata dattijuwa da jikanta ya kusa sallama ce ta fara. "Ke baiwar Allah, ɗiyar nan ba ta ci ne, ko ke ce ke cinye mata?" Aka yi dariya. Wata ta ɗaga nata yaron ta ce, "Mu da muka bi abin da Malama ta ce ga namu nan, kumatu har sun fito. Kowa ya san masu kai wa kasuwa." Ta uku ba ta ɗaga murya ba, cikin matar ta kalla, wanda hijabi ya fara kasa rufewa, ta ce wa ta kusa da ita, "Ai ga dalili nan a gaba, Yaya. Ɗiya ta sha ciki, mi magani zai yi mata?"

Matar ba ta tanka ba. Ta ja hijabi ta lulluɓe yarinyar, ta karɓi ledojinta, ta tafi. Mako na huɗu ba ta zo ba, na biyar ma haka. A littafin cibiyar an rubuta ta cikin waɗanda suka daina zuwa. Littafin ba shi da gurbin rubuta dalili irin nata. Ba ta san ko rabon da ta yi ne ya tsayar da nauyin ko gudawar ce ba, kuma ba wanda zai iya rabe mata su, amma ta riga ta yanke wa kanta hukunci tun kafin matan su yi magana. Abin da ta kasa shi ne sake zama a gabansu. Sai da ƙafafun yarinyar suka kumbura, fatar ta fara saɓulewa, wata maƙwabciya ta ɗauki goyon da kanta ta ce ta taso su tafi. Daga nan Katsina aka wuce da su, aka kwantar da yarinyar. Ta rayu, amma jinyar da ake yi a gida da leda ta koma ta gadon asibiti da robar hanci, uwar kuma ta bar yara uku a kango har aka sallame su.

Tsohuwar tuhuma

Maganar da mace ta uku ta yi ta girmi ledar gyaɗa. A ƙasar Hausa an daɗe ana danganta ramar yaro da kwanika, wato uwa ta ɗauki ciki kafin ta yaye na goye, a ce nonon ya gurɓace, yaro ya sha ciki. Tamowa ta nan ta samo kunyarta, domin yaron da ya rame yana tona asirin shimfiɗar iyayensa, kuma uwar ake kallo, ba uban ba. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan fahimta ba. Sunan da likitocin duniya ke kiran tamowa mai kumburi da shi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Ghana likita Cicely Williams ta ɗauko shi a shekarun 1930, ma'anarsa kuma ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don haihuwa kusa da kusa tana gajiyar da uwa, yaye na gaggawa kuma yana jefa yaro cikin haɗari. Amma nonon mai ciki ba dafi ba ne, kuma yaye yaron da ake yi rana ɗaya saboda tsoron nonon ya fi nonon cutar da shi.

Da yunwar 2005 ta jawo idon duniya kan Maraɗi, tsohuwar tuhumar ta sami sabuwar riga. Aka riƙa cewa abinci na nan, iyaye mata ne ba su iya ciyarwa ba, jahilci ne, al'ada ce, har da masu cewa wasu matan da gangan suke barin yaro ya rame don su karɓi tallafi. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta daɗe tana nazarin rayuwar matan Maraɗi, ta rubuta babi guda a kan wannan ɗabi'a ta ɗora wa "muguwar uwa" laifin tamowa. Amfanin irin wannan bayani ga mai mulki a bayyane yake: in laifin na uwa ne, ba sai an yi maganar farashin tiyar gero ba, balle gonar da aka kasa nomawa.

Gaskiya ne ana ganin ledar a kasuwanni, gaskiya ne kuma wasu iyaye na sayarwa. Amma leda biyu da uwa ta musanya da garin masara daban take da kwalaye da ke ɓacewa tun kafin su iso hannun uwa. Ita ce dai ake gani a benci, ita ake iya nunawa da baki.

Can inda ake yanke tumbi

A nan ne labarin masu tiyatar rage ƙiba ke taimakawa, domin su ba yunwa ke damunsu ba, ba a kuma ce musu jahilai, amma shari'ar bakin sikeli ba ta bar su ba.

Tiyatar iri-iri ce. A wadda aka fi yi yanzu, likita na yanke kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya bar siririn sashe mai kamar ayaba. A wata kuma, wadda likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, ana ware ɗan aljihu a saman tumbin a haɗa shi da hanji kai tsaye. Ana yi wa waɗanda ƙiba ta haɗa da ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon gwiwa, waɗanda galibi sun shekara da shekaru suna gwada rage ci ba nasara. 'Yan Najeriya masu hali ma suna yi, wasu a Legas da Abuja, wasu a Masar da Indiya da Turkiyya.

Bayan tiyata abinci ya zama takardar magani. Makonnin farko ruwa-ruwa kaɗai, sannan abin da aka niƙa, sannan mai laushi, kafin a koma ga mai tauri. A fara da nama ko ƙwai ko wake, kada a sha ruwa tare da abinci, a nisanci zaƙi da lemon kwalba, a sha bitamin har ƙarshen rayuwa. Asibitoci na haɗa su ƙungiya-ƙungiya domin tsofaffin hannu su kama wa sababbi. Shekarar farko nauyi kan zube da sauri, kowa na murna. Wajen wata 12 zuwa 18 sai ya tsaya, daga baya kuma mutane da yawa wani ɓangare na abin da suka rage yakan dawo. Likitocin fannin sun san da haka, sun kuma san dalilin: jiki na kare nauyinsa, yana rage ƙona abinci, yana ƙara kiran yunwa.

Amma a taron ƙungiya, wadda ta furta cewa ta ci burodi ko ta ɗanɗana kek a biki takan ji irin abin da matar Jibiya ta ji. Wani ya ce ta ɓata tiyatarta. Wata ta ce akwai masu jiran layi shekaru, ita ta samu tana wasa da shi. Wani ya kafa misali da kansa, ya ce tun da aka yi masa aiki shinkafa ba ta shiga bakinsa ba. Har a kan dokokin ma ana faɗa, domin likitan wannan ya hana abin da likitan wancan ya halatta daidai gwargwado, kowa kuma ya ɗauki takardar likitansa ita ce ma'aunin kowa. Wanda nauyinsa ya fara dawowa sai ya yi shiru, daga shiru ya daina zuwa taro, daga nan ya daina zuwa ganin likita, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Me ya sa ɗan'uwan ciwo ya fi zafi?

Dalili na farko tsoro ne. Dattijuwar da ta yi ba'a ta san jikanta na iya komawa ja bayan sallama, domin gidan da ya ramar da shi nan zai koma. Wanda aka yanke wa tumbi ya san ƙibar na iya dawowa. In mutum ya yarda cewa wadda ta faɗi sakacinta ne ya kayar da ita, sai hankalinsa ya kwanta, don shi ba ya sakaci. In kuwa ya yarda cewa gudawa ce, ko kasuwar da ba ta ci ba, ko halittar jiki, to shi ma ba shi da tabbas a kan gobensa. Hukunta ta ya fi sauƙin ɗauka.

Na biyu, su ma ana tuhumarsu a waje. Uwar mai tamowa ta shigo layi ne da kunyar unguwa a kanta. Mai tiyata kuma an sha ce masa ragwanci ne ya sa ya bi gajeriyar hanya. Wanda ake zargi yakan nemi wanke kansa ta hanyar nuna wanda ya fi shi laifi. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Cikin matan da suka yi dariya a benci, da wuya a rasa wadda ba ta taɓa lakata wa wani ɗanta ba.

Na uku ƙarancin abin ne. A 2025 manyan ƙasashe masu ba da agaji, Amurka a gaba, sun zabtare kuɗin tallafi, cibiyoyi da dama a Arewa suka shiga fargabar yankewar kaya. Inda ake tsoron leda za ta ƙare, wadda ta raba tata sai a gan ta kamar ta ci rabon ɗan wata. Haka mai tiyata ke kallon wanda ya samu gurbin da wasu ke jira.

Abin da kunya ke sayowa

Masu wannan magana sukan kare kansu da cewa gaskiya ɗaci gare ta, in ba a faɗa wa mutum ba ba zai gyara ba. An gwada wannan zato, bai tsaya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya bi mutane sama da 6,000 a Amurka tsawon shekara 4, ya gano waɗanda aka wulaƙanta saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar faɗawa cikin ƙiba da kusan ninki biyu da rabi. A 2020 ƙungiyoyin likitoci da na kimiyya sama da 100 suka goyi bayan wata sanarwa a mujallar Nature Medicine da ke cewa tozarta mai ƙiba cutarwa ce, tana kuma hana shi neman magani. A ɓangaren tamowa, binciken da aka yi a Marsabit ta arewacin Kenya ya sami kunya cikin abubuwan da ke hana iyaye kai yara wurin jinya.

Hanyar da ɓarnar ke bi a fili take. Kunya na fara koya wa mutum ɓoyewa. Matar ta ce wa malama yarinyar na cinye nata, don haka malama ba ta san akwai yaro mai shekara 5 da ya kamata shi ma a naɗa masa zare ba. Sannan tana koya masa guje wa wurin. Ƙa'idar ayyukan agaji ta duniya na son waɗanda ke daina zuwa su gaza kashi 15 cikin 100, kuma idan ana neman dalili akan ambaci nisa da kuɗin mota da aikin gona da tsoron hanya. Duk gaskiya ne. Amma uwar da aka yi wa dariya, in an tambaye ta, kuɗin mota za ta ce.

Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa. Nauyin yaro kan tsaya saboda tarin fuka, ko sikila, ko tsutsar ciki, ko zazzaɓin cizon sauro da ke yawaita a daidai watannin da rumbu ke ƙarewa. In kowa ya riga ya yanke cewa uwa ce ke cinyewa, ba mai neman ciwon da ke ƙasa.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Amsar mafi ƙarfi daga tsallaken Magama ta fito. A 2011 aka gudanar da wani bincike a gundumar Madarunfa kan yara sama da 5,000 masu wata 6 zuwa 23. Wasu gidaje aka ba su abincin yara kaɗai, wasu kuɗi kaɗai, wasu aka haɗa musu biyun. Inda aka haɗa, yaran da suka faɗa tamowa sun yi ƙasa sosai da na sauran. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in akwai abin da za a sa a tukunyar gida, ledar na isa bakin wanda aka rubuta wa. Shi ya sa wasu shirye-shirye ke haɗa wa uwa da ɗan hatsi ko kuɗi domin sauran yara.

A gundumar Mirya ta jihar Damagaram kuma aka gwada ba iyaye mata zaren awo su riƙe a gida. Aka tarar suna gano tamowa kamar yadda ma'aikatan sa-kai ke ganowa, suna kuma kawo yara da wuri. Matar da ake kira jahila, da aka damƙa mata ma'aunin, ta riƙe amana.

Sauran gyaran ba ya cin kuɗi. Ana iya ajiye sikeli a bayan labule, lambar ta zama tsakanin uwa da malama. Ana iya sauya tambaya: maimakon "kin ba wani?", wadda amsarta a'a ce ko da yaushe, a ce "yara nawa ke gidan, me suka ci jiya?" Mai jagorantar ƙungiyar mata, ko ta masu tiyata, tana iya buɗe taro da faɗin cewa tsayawar nauyi da komawa baya suna cikin tafiyar, kuma wadda abin ya sama ita ta fi cancantar wurin zama a gaba.

Dattijuwar nan ta benci ma tana da abin bayarwa, wanda malamar asibiti ba ta da shi. Ta san dabarar ba yaro ledarsa bayan an tura yayyensa ɗebo ruwa. Ta san gidan da ake samun surfe, da yadda ake ƙara garin ƙuli-ƙuli da zogale a kunu ya riƙe cikin manyan yara, da wanda ake gani a unguwa in ana rabon hatsi. Domin wannan ilimi aka tara matan wuri ɗaya tun farko. Daga watan Yuni zuwa Satumba layin zai ƙara tsawo a Jibiya, kamar kowace shekara, kuma a kowane benci za a sami wadda sikeli bai motsa mata ba. Ko za ta dawo mako mai zuwa, wani ɓangare na amsar yana bakin matar da ke zaune kusa da ita.